Babi na Bakwai: Abin da Tudu Ke Aika wa Tafki

Ruwan farko mai ƙarfi a ƙasar Sakkwato yakan sauka ne a watan Yuni, wata shekarar ya makara har Yuli. Ƙasar da yake tararwa ta yi wata bakwai ko takwas tana shan rana. Dabbobi sun cinye karan da aka bari, abin da suka rage an kwashe an kai gida don hura wuta ko gyaran darni, gona ta zama fili fetal. Wanda hadari ya tsare a hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari da Tambuwal zai ga abin da ke faruwa kafin ya gama neman mafaka. Ruwan yakan bugi ƙasa da ƙarfi har saman ta ya daɗe ya toshe, daga nan ya daina nutsewa, sai gudu. Ya bi kunya, ya faɗa turbar shanu, ya haɗu da wani a kwari, launinsa ja wur. A cikinsa akwai saman gonar wani bawan Allah, da kashin awaki, da tokar juji, da leda, da ragowar takin zamani na bara, da duk abin da mutane suka tsuguna suka bari a bayan gari tun daga kaka.

Wannan kaya duka gangare ya nufa. A ƙasar Shagari, babban masaukinsa shi ne madatsar ruwan da gwamnatin tarayya ta gina a kan Gawon Gulbi a farkon ƙarnin nan, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A ƙasar Boɗinga kuwa, tafkuna ne da fadamu da kududdufai suke karɓarsa, su riƙe shi wata biyu, wasu wata biyar, 'yan kaɗan su kai wata damina. Mutumin da ke zaune bakin ruwa yakan ɗauka tafkinsa ya ƙare ne inda ƙafarsa ta daina jiƙewa. Amma duk gonar da ruwanta ke gangarowa cikin tafkin, ko da tafiyar yini ce tsakaninsu, tana cikin lissafinsa. Mai gonar nan ta tudu wataƙila bai taɓa jefa ƙugiya a ruwan ba, bai taɓa shayar da albasa da shi ba, amma gatarinsa da fartanyarsa su ne ke yanke wa tafkin yawan shekarun da zai yi. Wahalar wannan lamari ke nan tun daga tushe: wanda ke ɓatawa dabam, wanda ke ji a jikinsa dabam, kuma yawanci ba dagaci ɗaya suke bi ba.

Idan jan ruwan nan ya iso bayan bangon madatsa ya tsaya, sai ya sauke kayansa. Yashi ya fara kwantawa tun daga baki, laka ta ƙarasa tsakiya. Abin kamar randar da ake ta zuba mata ruwan rijiya ba a taɓa wanke gindinta ba: daga sama za ka gan ta cike, sai ka tura moɗa ka ji ta taɓo taɓo tun hannunka bai nutse ba. Ga kuma rana. Sakkwato na samun ruwan sama milimita 600 zuwa 700 a shekara, cikin wata huɗu kacal, amma buɗaɗɗen ruwa a wannan yanki yana asarar abin da ya kai mita 2 a shekara ta hanyar tururi, musamman a Maris da Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tafki mai zurfi yana iya jure wannan. Wanda laka ta cike ya baje ya zama faifai, rana ce ke shanye rabonsa kafin manomi ya ɗora injinsa.

Ba sai an je nesa neman misali ba. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 da nufin ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ta janye a farkon 2018 har abin da ya rage bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, hankalin birnin Sakkwato ya tashi don daga nan ruwan famfonsa ke zuwa. Jami'an hukumar sun ɗora laifin a kan ƙarancin damina da kuma ƙasar da ta taru a gindin madatsar shekara da shekaru. Tafkin Kalmalo na Illela, wanda dattawa ke ba da labarin kifinsa, ya sha ƙafewa. Da zarar an kai wannan matsayi sai a fara kiran a zo a yashe. Kududdufin gari ana iya yashe shi da gayya, da kwando da shebur da amalanke, kuma ana yi, lakar ma taki ce ga wanda ya kai ta gona. Madatsa kuwa yasarta aikin manyan injuna ne da kuɗin da ba kasafai ake samu ba, kuma ko an yashe, in tudu na nan yadda yake, damina goma ta isa ta mayar da hannun agogo baya.

A watan Afrilu na 2022, ana cikin azumi, kwale-kwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen ƙauyen Gidan Magana, aka rasa rai 29, mafi yawansu yara da matasa. A watan Mayu na 2023 aka sake yin irinsa da mutanen Dandeji, aka binne yara 15, kusan dukkansu mata. Duka biyun ba biki za su ba, ba kasuwa za su ba. Itacen girki za su ɗebo a tsallaken ruwa. Manyan mutane sun zo ta'aziyya, an yi maganar lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da rashin rigar ruwa, kuma duk gaskiya ne. Abin da ba a tsaya a kansa ba shi ne dalilin da zai sa yarinya 'yar shekara goma ta hau ruwa da sassafe don ƙirare. Dalilin bai da wuyar ganewa: a nasu ɓangaren babu. Sabara da geza da kalgo da suka saba rufe bayan gari an sare, an tono har saiwa, filin ya zama gona ko ya zama fako.

Itacen nan da ya ƙare shi ne dai wanda da yana nan zai tare ruwan sama ya rage masa gudu, saiwarsa ta riƙe ƙasa, ganyensa ya rufe ta. Rashin da ya tura yara tsallake shi ne ke tura laka cikin madatsa. Don haka duk wanda ya tara mutanen ƙauye ya ce musu su daina sare itatuwa saboda tafki, ya shirya jin tambayar da kowace uwar gida a wannan yanki za ta jefo masa ta bayan zana: "To, Malam, da mi za a yi dahuwa?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba a amsa ta da wa'azi. Kalanzir ya fi ƙarfin talaka tun da daɗewa, gas na 'yan birni ne, kara kuma ana rububinsa tsakanin murhu da dabba da gona. Ga masu burodi da masu suya da masu gawayi, waɗanda motar itace guda ba ta kai musu mako. Dokar da ta hana sara ba ta kawo abin hura wuta ba, ƙarshenta ta zama hanyar cin abincin ma'aikacin daji, matar ƙauye kuma ta koma yin saran da dare.

Abin mamaki shi ne wannan yanki ba baƙo ba ne ga tunanin yadda ake tsare dajin gari da bakin ruwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga ta yau, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Cikin littattafan Abdullahi akwai Ta'alimur Radi, wanda ya yi a kan hanyoyin da mutum ko gari ke samun iko da ƙasar da ba ta da mai ita. A fiƙihun Malikiyya da ya gina littafin a kai, kowane gari yana da hurumi, kuma hurumin ya haɗa da wurin da mutanen garin ke yin itace da kiwo, gwargwadon inda za a je a dawo cikin yini. Babu mai ikon mayar da shi gonarsa shi kaɗai. Rijiya ma tana da nata hurumi, wato iyakar filin da in an yi gini ko haƙa a cikinsa zai cutar da ruwanta ko ya ƙuntata wa masu zuwa sha. Shugaba kuma yana iya keɓe wani yanki ya hana taɓa shi don amfanin jama'a. Malaman zaure a Boɗinga da Sifawa da Danchadi har gobe suna karantar da waɗannan babuka. Sai dai ana karanta su ne a wuce zuwa babin gado, ba a cika fita da su bayan gari a auna ba.

Abin da ya cinye hurumi sananne ne. Mutane sun ninka, gonar uba ɗaya ta rabu goma. Dokar ƙasa ta 1978 ta ɗauke ikon filaye ta damƙa wa gwamna da ƙaramar hukuma, hakimi da dagaci suka rage da alhaki ba tare da cikakken iko ba. Wasu daga cikinsu, a faɗi gaskiya, da hannunsu suka yanka makiyaya da bakin tafki suka sayar. Duk da haka, idan yau aka ce a tsayar da doka a kan gatari ko a kan bakin ruwa a Kajiji ko Dandin Mahe, ba jami'in da ke Abuja ne zai tsayar da ita ba. Sai dai mai unguwa da liman da sarkin noma, mutanen da mai laifin zai haɗu da su a sahun Magariba.

Gwamnatoci sun fi son dashe. Kowace damina akan yi bikin dashen itatuwa, babban baƙo ya tsuguna ya dasa dogon yaro guda a gaban masu ɗaukar hoto, a raba dubban tsirrai a leda. Kafin Disamba awaki sun yi nasu aikin. Ba a ce dashe bai da amfani ba, inuwar da ke titunan Sakkwato da kasuwannin ƙauye dasa ta aka yi. Amma abin da ya sauya fuskar ƙasa da gaske a wannan shiyya ya faru ne a tsallaken iyaka, cikin Hausawan Maraɗi da Damagaram, kuma kusan ba a dasa komai ba. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share su duka, sai manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ya bari, ya datse sauran. Saboda saiwar tsohuwa ce, cikin shekara uku zuwa huɗu ya sami itacen da ya fi shi tsawo, kuma kowace shekara rassan da ya datse su ne makamashin gidansa. Manoman can suna ce masa sassabin zamani. Zuwa tsakiyar shekarun 2000, hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna abin ya kai hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, da yawansu gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana.

Dabarar ba ta fi aikin wuƙa ba. Abin da ya sa ta kama shi ne manomi ya tabbata icen da ya rena nasa ne, ma'aikacin daji ba zai ci shi tara don ya datse reshe a gonarsa ba, kuma maƙwabci ba zai zo da dare ya sare ba. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, a yankin Agye, jama'a suka kafa masu sintiri daga cikinsu, da mata da makiyaya a ciki, suka yanka tarar da za a ci ɓarawon ice. Wannan kashin na biyu shi ne mai wuya, kuma shi ne wanda babu wata hukuma da za ta iya kawo shi a mota. Sabara da kalgo da gawo da ake magana a kansu a Maraɗi su ne dai ke toho a gonakin Boɗinga da Shagari duk bazara, ana bin su da adda.

Fakon da ya riga ya mutu kuma yana da nasa magani. A 1989 wasu manoman Illela, ta jihar Tawa ba tamu ta bakin iyaka ba, sun je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake farfaɗo da irin wannan ƙasa. Suka dawo suna haƙa 'yan ramuka jere a kan fako tun da rani, su zuba taki dunƙule guda a kowane, ruwan farko ya taru a ciki maimakon ya gudu. Tassa suke ce masa. Ga rami mai siffar rabin wata, wanda ake buɗe bakinsa ta inda ruwa ke gangarowa. Ga jeren duwatsu da ake shimfiɗawa a gicciye. Har ta kai ana sayen fakon da a da ko kyauta ba a karɓa, kuma a wasu ƙauyukan ruwan rijiyoyi ya ɗago. Mu ma muna da namu na gado da muka yi sakaci da su. Gamba da kakanni ke shukawa a iyakar gona ba don zana kaɗai ba ne, tana tace ƙasar da ruwa ya ɗauko. Jema a bakin fadama saiwarta na nutsawa ta ɗaure gaɓa. Duk kwandon ƙasar da ya tsaya a gindin gamba, an rage wa madatsa kwando guda.

Yawan ruwa ke nan. Ingancinsa kuma a bakin ruwan ake ɓata shi, kuma masu cin moriyarsa ne da kansu. Da zarar ruwa ya fara ja da baya a Nuwamba, masu noman rani ke bin sa taku-taku da albasa da tumatir da tattasai, wasu har ƙafar injinsu na cikin ruwa. Dubi matashi ɗaya da yamma bayan ya gama feshi. Ya sauke gorar feshin daga bayansa, ya tsoma ta a tafki, ya girgiza, ya tuttular a nan, ya maimaita, sannan ya wanke hannu da fuska. Kwalbar maganin da ta ƙare ya cilla cikin ciyawa, in kuma mai kyau ce yaro ya tsince ta ya kai gida a zuba mai ko gishiri. Taku ashirin daga nan yarinya na cika jarka. Ba mugunta ba ce, wurin ne ya fi kusa. Takin zamanin da ya wuce buƙatar shuka shi ma ruwa yake komawa, ya ciyar da gansakuka da kainuwa, su rufe fuska, su ruɓe, su shaƙe kifi. Mutanen Hadeja da Nguru sun ga ƙarshen irin wannan da kacalla, wadda ta toshe musu hanyoyin ruwa har sai da garuruwa suka riƙa fitowa gayya da lauje da adda, ruwa iya ƙirji. Maganin wannan a farkonsa mai arha ne: a bar tazara tsakanin kunyar ƙarshe da bakin ruwa, a bar ciyawa a wurin, a haƙa ramin wanke kayan feshi can nesa da gaɓa. Amma tazarar nan ita ce ƙasa mafi daɗi a duk fadamar, kuma babu wanda zai bar tasa sai ya ga na kusa da shi ya bari.

A nan masunta sun fi manoma tsari, don su sun daɗe da sanin cewa ruwa ɗaya suke ci. Sarkin ruwa yana da ikon rufe wani gurbi ya ce ba a su sai rana kaza, ya hana taru mai ƙananan ido, ya kori baƙon da ya zo da abin da ba a yarda da shi ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, mutane sun fi kallon ranar da dubban masu homa da gora ke rugawa cikin kogin Matan Fada. Ba a cika tuna cewa manyan kifayen nan suna samuwa ne don an hana taɓa gurbin sauran watannin shekara ba. Inda wannan iko ya yi rauni kuwa, sai ka ga gidan sauron da aka raba don zazzaɓi ya koma abin tace 'ya'yan karfasa, ko wani ya zuba maganin ƙwari na Gamalin da dare, gari ya waye kifi na yawo ciki sama, babba da ƙarami, a kwashe a kai kasuwa a soya wa mutane. Sinadarin da ke cikin Gamalin duniya ta sa shi cikin jerin haramtattu tun 2009. Jami'in kamun kifi bai san wanda ya zuba ba. Sarkin ruwa ya sani, ko zai sani kafin azahar.

Masu cewa mutanen ƙauye ba za su iya riƙe doka a kan ruwansu ba sun manta da kurkunu. A ƙidayar ƙarshen shekarun 1980 an sami mutum fiye da 650,000 masu ɗauke da shi a Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace a duniya. Ciwo ne da ba shi da allura ba shi da ƙwaya, yana kwantar da manomi daidai lokacin noma. Da me aka kashe shi? Da ƙyallen tace ruwa a bakin tulu, da maganin da ake zubawa a kududdufi, da rijiyoyin burtsatse, da kuma mutumin gari da aka ɗora wa hana duk mai kurkunu a ƙafa shiga ruwan sha, sai dai ya tsaya a gaɓa a ɗebo masa. Cibiyar Carter ta kawo kayan aiki, Janar Yakubu Gowon ya zaga ƙauyuka yana roƙo, amma tsaron bakin kududdufin na 'yan gari ne. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Nijeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da an rabu da shi a 2013.

Tsargiya ta fi shi naci, kuma duk inda aka tsare ruwa aka yi madatsa tana samun gida. Mai ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙaramar katantanwa, ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka ko matar da ke wanki. Yawanta ya sa a wasu wuraren ake ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji alamar girma. Ana raba ƙwayar maganinta a makarantu, yaro ya warke, ya koma ruwa ya sake ɗauka. Duk ɗalibin da ya karanta babin tsarki ya san an hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma san ana duba ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wancan hanin da za a riƙe shi da ya karya tsargiya. Wannan ma'aunin kuwa na alwala ne, bai isa shaidar lafiya ba, don ruwa na iya zama garau yana ɗauke da ita. Haka rijiya. A wurare da dama na kewayen Sakkwato da Boɗinga abin da ke ƙarƙashi dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake fasawa a Kalambaina a yi siminti. Yana da tsaguwa da ramuka, ruwa na bi ta cikinsa da sauri ba tare da ya tacu sosai ba, don haka masai da aka haƙa kusa da gajeriyar rijiya ba ya daɗewa bai gaisa da ita ba. A shekarar amai da gudawa irin 2021, lokacin da cutar ta kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, irin wannan kusanci ne ke cika asibiti.

Makiyayi shi ne wanda aka fi saurin ɗora wa laifin gurɓata ruwa, kuma shi ne aka fi mantawa da shi ranar taro. Gaskiya ne garke in ya shiga tafki ya dama shi, kofato ya rusa gaɓa. Amma saniya sai ta sha. Inda aka bar mata burtali da mashaya tsayayya, wuri ɗaya take ɓatawa. Inda albasa ta kewaye ruwa ta rufe ƙofa, ta cikin albasar za ta bi, daga nan kuma magana ta bar hannun sarkin noma ta koma ta 'yan sanda. Yarjejeniyar bakin ruwa da aka ƙulla ba da arɗo ba, takarda ce kawai. Rashin tsaro na 'yan shekarun nan ya sa zama inuwa ɗaya ya ƙara wuya, ya kuma ƙara zama dole.

Game da gwamnati, mutanen wannan kwari suna da dalilin yin taka-tsantsan. A watan Afrilu na 1980, Alhaji Shehu Shagari bai cika shekara a kan mulki ba, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman yankin madatsar Bakolori da ke neman diyyar gonakinsu. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin suna cewa ɗaruruwa ne. Tun daga lokacin an koyi tuntuɓar jama'a, aƙalla a takarda. Shirin Fadama ya zo da ƙungiyoyinsa, ga Babbar Katangar Itatuwa da Sakkwato ke cikin jihohinta 11, ga ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aka tsara shi kacokan a kan magangarun ruwa. Tunanin daidai ne. Inda ake tuntuɓe shi ne kwamiti. Kowane shiri da nasa, da shugaba da sakatare da ma'aji da hula mai tambari, sau da yawa mutanen da suka iya cika fom ne ba waɗanda ake jin maganarsu ba. Ranar da kuɗin zama ya tsaya, kwamiti ya watse, allon shirin ya rage a bakin hanya yana tsatsa. Shirin da ya sami sarkin ruwa da arɗo da liman da shugabar mata ya ƙarfafa su a kan abin da dama nasu ne, shi ke barin wani abu a baya.

Saura batun wanda zai yi aikin, da wanda zai biya. Mutumin tudu da aka ce ya haƙa tassa ya jera duwatsu yana samun ƙarin gero, amma babbar ribar tana gangarawa ga mai albasa da masunci. Adalci ne wani abu ya hauro daga gangare, ko daga kuɗin da ake karɓa a hannun masu injin ban ruwa da masu jirage, ko a ware wa mutanen tudu kadada a fadama. Sannan lokacin aikin ba ya canzuwa: daga Fabrairu zuwa Mayu, kafin ruwa ya sauka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan kuwa shi ne lokacin da majiya ƙarfin Boɗinga da Shagari suke cin rani a Legas da Ibadan da Fatakwal, gari ya rage daga tsofaffi sai mata da yara. A Keita ta ƙasar Adar, inda aka fara babban aikin farfaɗo da tuddai a 1984 da kuɗin Italiya, an ci karo da wannan matsala, maza ba sa nan. Aka biya lada da abinci, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun.